Korar Manhajoji Ba Ta Ceton Batir

Na gaji da ganin mutane suna ta shafar fuskar waya da babban yatsa, suna korar manhajoji ɗaya bayan ɗaya, wai don kada caji ya ƙare. Ga kuma masu loda manhajar "wanke waya" mai hoton tsintsiya, kowane lokaci sai sun danna ta. Jama'a, wahalar banza ce, wani zubin ma ita ke ƙarasa batirin.

Abin da suke tsoro shi ne aikin bayan fage, wato abin da manhaja ke yi alhali ba ta kan fuskar waya: ƙararrawar asuba tana jiran lokacinta, karatun Alƙur'ani yana ci gaba bayan ka kulle waya, saƙon WhatsApp yana shigowa.

To amma jerin manhajojin da kake kora ba duka ke aiki ba. Yawancinsu tsarin wayar ya riga ya tsayar da su cak, ya ajiye su a RAM, ma'ajiyarsa ta wucin gadi, don in ka dawo ka tarar da su inda ka bar su. Kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka: fifita kaɗan wuta ta tashi. Korar manhaja watsa wa garwashin ruwa ne. Da ka sake buɗe ta, dole waya ta ɗauko komai daga farko, kuma wannan ɗaukowar ta fi zaman jiran cin caji. RAM da aka bari fayau ba ta tara maka komai. In wuri ya yi ƙaranci, tsarin da kansa yake sallamar wadda aka daɗe ba a taɓa ba.

Masu ƙera wayoyin ma sun faɗa. A 2016 Craig Federighi na kamfanin Apple ya ce korar manhajoji ba ta ƙara wa batir kwana, Hiroshi Lockheimer na ɓangaren Android a Google kuma ya ce tana iya ɗan dagula lamarin. Tun 2015 Android ke da tsarin Doze, mai kwantar da manhajoji idan an ajiye waya.

Mai tsintsiyar kuwa ta fi muni. Ta kashe aikin bayan fage, tsarin ya sake tayar da shi, ta sake kashewa, waya na ta ɗumi, tallace-tallace na zuƙe data. A 2020 Google ya cire manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallan da ya wuce gona da iri, ciki har da na Cheetah Mobile, masu manhajar wanke waya ta Clean Master.

Ga abin yi. Goge manhajar wanke waya. Shiga saitin batir ka ga wadda ta fi ci, ka taƙaita aikinta na bayan fage, ita kaɗai. Kunna Data Saver. Hana WhatsApp sauke bidiyon zauruka da kansa, ka hana Facebook kunna bidiyo ba ka taɓa ba. Sabunta manhajoji a bar shi sai an samu Wi-Fi. Manhajar tocila da ke neman sanin inda kake, hana ta. Kada ka taƙaita ƙararrawa da manhajar lokutan salla, don kada ka makara. Kora kuwa, a tanade ta don manhajar da ta maƙale.

Hasken fuskar waya, raunin sabis da tsufan batir su ma suna da nasu laifin.

Don Allah, in ka ga Baba ko Hajiya suna wannan share-sharen, karɓi wayar cikin ladabi ka gyara musu saitin.