2.3 Labaran Zambo na Dā a Matsayin Tushen Ƙagaggen Labarin Kimiyya

A wannan sashe za a duba asalin ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da ake ginawa a kan tafiya sararin samaniya ko wata ƙirƙira da ilimi bai kai gare ta ba tukuna. Dalilin yin haka shi ne, akwai masu ganin cewa wannan nau'i baƙo ne a adabin Hausa, aro shi kawai aka yi daga Turawa. Idan aka bi tarihinsa za a ga maganar ba ta tsaya a nan ba.

Manazarta da dama sukan fara lissafi ne daga wani marubuci mai suna Lushiyan, wanda aka haifa wajen shekara ta 125 Miladiyya a garin Samosata, a bakin kogin Furatu, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ya rubuta wani littafi da harshen Girkanci wanda ma'anar sunansa ita ce "Labarin Gaskiya", amma tun a gabatarwa ya shaida wa mai karatu cewa ƙarya zai shara. A cikin labarin, guguwa ta ɗauke jirgin ruwansa zuwa duniyar wata. A can ya tarar Sarkin Wata da Sarkin Rana suna yaƙi a kan wanda zai mallaki tauraron Gamzaki, har wasu manyan gizo-gizo suka saƙa filin dagar.

Manufar Lushiyan ita ce yin zambo ga marubutan da suka gabace shi, irin su Kitesiyas, waɗanda suka ba da labarin ƙasashen da ba su taɓa gani ba, suka ce gaskiya ne. Don haka ba za a kira littafin cikakken labarin kimiyya ba, domin iska ce ta kai shi wata, ba dabarar ɗan Adam ba. Wannan ya bambanta da littafin Jules Verne na Faransa na 1865, inda aka yi lissafi aka harba mutane da igwa. Abin da Lushiyan ya bari shi ne tsari: matafiyi ya bar gida, ya shiga wata duniya, daga can a hango aibin mutanen gida.

Irin wannan tsari yana nan a rubutun zube na Hausa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, Alhaji Imam ya yi doguwar tafiya har ya haɗu da aljanu wajen neman ruwan magani. A kan hanya kuwa, karonsa da Malam Zurƙe ya zama hanyar yin gugar zana ga malaman tsibbu da macuta. A shekara ta 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. A nan baƙon sama ya hau gurbin da aljani yake riƙe da shi a dā.

Wannan nazari ba ya da'awar cewa marubutan Hausa sun kwaikwayi Lushiyan. Abin da ake son nunawa shi ne, yadda labarin kimiyya na Turai ya tsiro daga labarin tafiya mai ban al'ajabi da zambo, haka na Hausa ya tarar da irin wannan ƙasa a gida. Kayan aikin ne na aro, amma tsarin labarin ya riga ya zauna.