Abin da ya kamata ku sani game da jarumin labarin da bai yi kukan mutuwar uwarsa ba

A shekarar 1942 kamfanin Gallimard na birnin Paris ya buga littafin L'Étranger, wato Baƙo, na Albert Camus, marubucin da aka haifa a Aljeriya a 1913, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1957. Har yau masu karatu ba su daina musu kan tambaya ɗaya ba: me jarumin littafin, Meursault, yake ji a ransa?

Wane ne Meursault?

Ƙaramin ma'aikacin ofis ne a birnin Aljiyas zamanin mulkin mallakar Faransa. Mahaifiyarsa ta rasu a gidan kula da tsofaffi da ke Marengo. Ya je jana'iza, amma ya ƙi a buɗe masa akwatin gawar, ya sha kofi da taba a wurin kwanan makoki, ko ɗigon hawaye bai zubar ba. Washegari ya tafi iyo a teku, ya haɗu da wata budurwa mai suna Marie, suka wuce sinima kallon fim ɗin barkwanci. Daga baya ya harbe wani Balarabe a bakin teku, ya ƙara wa gawar harsashi huɗu. Da aka tambaye shi dalili a kotu, sai ya ɗora wa zafin rana.

Ana sa littafin cikin adabin falsafar wanzuwa, mai cewa ɗan Adam ya tsinci kansa a duniya ba tare da wata ma'ana da aka tanadar masa ba, tare da La Nausée na Jean-Paul Sartre na 1938. Shi dai Camus bai yarda a kira shi ɗan wannan mazhaba ba.

Me ya sa mai karatu ke cusa masa nasa ji?

Da bakinsa Meursault ke ba da labarin, cikin gajerun jimloli. Zai faɗa muku zafi ya dame shi, barci ya kama shi, kofin ya yi daɗi, amma da wuya ya ce don me ya yi abu. Zuciyar ɗan Adam kuwa ba ta son giɓi. Wanda ya taɓa rasa mahaifi yakan ce ai firgicin rashi ne ya busar masa da ido. Mai fama da kaɗaici yakan ga ɗan'uwansa a cikinsa. Wani kuma mugu marar imani kawai yake gani. Shafin ɗaya ne, abin da kowa ya zo da shi ne ya bambanta.

Masu shirya fim sun daɗe da sanin haka. Lev Kuleshov na Tarayyar Sobiyet ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawa a akwati. 'Yan kallo suka ga yunwa a karo na farko, baƙin ciki a na biyu, alhali fuskar ba ta sauya ba.

Al'ada ma tana da hannu. Bahaushen da ya saba jin ana cewa "a yi haƙuri" a zaman makoki zai iya ɗaukar rashin kukan a matsayin dauriya, amma zuwa sinima washegari ba zai ga komai a ciki ba sai rashin ta-ido.

Ina tarkon yake?

A rabi na biyu na littafin, kotu ta yi daidai abin da mai karatu yake yi. Mai gabatar da ƙara ya fi tsayawa kan kofi da taba da rashin kuka fiye da kisan kansa, ya tattara su ya gina hoton mutum marar zuciya, aka yanke masa hukuncin fille kai. Wanda ya la'anci Meursault da wanda ya tausaya masa duk sun yi hukunci kan abin da ba a nuna musu ba. Sai a ƙarshen littafin, lokacin da ya fusata ya shaƙi wuyan rigar limamin cocin gidan yari, ake ganin ransa ya motsa a fili.

Akwai kuma wanda tausayin ya tsallake. Mutumin da aka kashe ba shi da ko suna a littafin. Marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya cike wannan giɓi a 2013 da littafinsa Meursault, contre-enquête, inda ya raɗa wa mamacin suna Musa, ya bar ƙaninsa Haruna ya ba da labarin.

Yaya ya kamata a karanta irin wannan littafi?

Ba laifi ba ne ku ji wani abu game da jarumin, da haka karatu ke daɗi. Amma duk lokacin da kuka ce yana baƙin ciki ko ba shi da imani, ku koma shafin ku nemi jimlar da ta faɗi haka. Idan babu ita, to ku sani wannan ji naku ne, ba na Meursault ba.