Idan Wasiƙar Abuja Ta Maƙale a Potiskum: Matsalar Izini a Sabar Imel

Potiskum ta yi suna da kasuwar shanu, amma kuma gari ne na ma'aikatan tarayya, ciki har da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke horar da malaman fasaha. A yau yawancin hulɗar irin waɗannan ma'aikata da Abuja ta koma kan imel: takardar umarni, kiran taro, jerin sunayen waɗanda suka sami ƙarin girma. Idan wasiƙa ta ƙi isowa, akan ɗora laifin a kan intanet ko wutar lantarki. Sau da dama kuwa matsalar tana cikin sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓar wasiƙu tana rarraba su.

Galibin waɗannan sabobi kan Linux suke aiki. Manhajar Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, ita ke aikawa da karɓa. Dovecot, wadda ta fito a 2002, ita ke buɗe wa ma'aikaci akwatinsa. A tsarin Linux kowane fayil yana da mai shi, kuma da lambobi ake bayyana izini: 4 karantawa, 2 rubutawa, 1 gudanarwa.

Kuskuren yakan faru ne tun ranar girke manhajar. Injiniya ya ƙirƙiri ma'ajiyar wasiƙu da asusun babban mai iko, ya manta bai miƙa mallakarta ga asusun da ke ajiye wasiƙun ba. Sai wasiƙa ta iso ta tarar da ƙofa a rufe. Postfix za ta riƙe ta a layi tana sake gwadawa, amma bisa tsarinta na asali bayan kwana 5 sai ta mayar da ita ga wanda ya aiko. Kafin nan wa'adin amsa takardar na iya wucewa.

A nan ne gaggawa ke kai wasu ga sanya izinin 777, su buɗe wa kowa komai. Wasiƙu na iya fara shigowa, amma duk mai asusu a kwamfutar zai iya karanta su, ya sauya su, ko ya goge su. Garin neman gira an rasa ido ke nan, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta wajabta tsare bayanan jama'a.

Gyara na gaskiya yana farawa da karanta kundin aikin sabar, domin nan ne take ambata fayil ɗin da aka hana ta taɓawa. Daga nan sai a mayar da mallaka ga asusun da ya dace da umarnin chown, a ba ma'ajiya 700, fayiloli 600. Umarnin postfix check yana nuna sauran kurakuran izini, postqueue -f kuma ya saki wasiƙun da ke layi.

Saboda haka, idan injiniya ya ce an gyara, shugaban ofis ya tambaye shi: bayan gyaran, su wa ke iya karanta wasiƙunmu?