Injin Goge Bango da Ƙurar da Yake Tayarwa

Duk wanda ya taɓa gyaran gida alhali yana zaune a cikinsa ya san ranar da ta fi kowace wahala: ranar gugar bango. An gama sikiridin, foti ya bushe, sai yaran mai fenti su naɗe sanfefa a guntun katako su hau tsani. Kafin azahar girarsu ta yi fari fat, ƙura ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta a kan tukwane, ta shige cikin talabijin da fanka. Shi ya sa injin goge bango mai aiki da lantarki ya fara samun kasuwa a wurin masu fenti a Abuja da Kano da Kaduna. Sai dai da yawa suna sayen rabinsa ne su bar rabi a shago, kuma rabin da suke bari shi ne ya fi muhimmanci.

Asalin injin ba don irin gininmu aka ƙera shi ba. A Amurka bangon cikin gida galibi allon jifsam ne, wato wani farin dutse mai laushi da ake niƙawa a matse shi tsakanin takarda biyu masu kauri. Wani mai suna Augustine Sackett ya yi rajistar irin wannan allo a 1894, kamfanin United States Gypsum kuma ya fito da nasa mai suna Sheetrock a 1916, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya mamaye gidajen ƙasar. Idan aka kafa allunan, sai a cike mahaɗarsu da ramukan kusoshi da foti, a goge har sai ido ya kasa gane inda allo ya haɗu da ɗan'uwansa. Wannan gugar ce ta haifar da injin.

Mu namu bangon bulo ne da siminti, amma abin da ke samansa a yau, sikiridin da silin POP da allunan jifsam na ofisoshi da otal-otal, duk laushinsu ɗaya da wancan. Iyakar aikin injin ke nan. Wanda ya kafa shi a kan tsurar filastar siminti zai cinye sanfefa a banza, ya kuma gajiyar da moto.

Siffarsa mai sauƙi ce: dogon wuya da ya haura mita ɗaya, a ƙarshensa faifai mai faɗin milimita 225 da ke juyawa, kan kuma yana lanƙwasawa ya bi bango ko silin. Sanfefar zagayayya ce, ana manna ta a ɓare ta da hannu. Motonsa yakan ci tsakanin wat 500 zuwa 800, yana da maɓallin rage gudu da ƙarawa, wasu har da fitilu a gefen faifan. Nauyinsa wajen kilo 4 ne ko sama da haka kaɗan, abin da ba ya da yawa a ƙasa, amma bayan rabin sa'a kana ɗage da shi a silin kafaɗarka za ta ba ka labari. Duk da haka ya fi hawa da sauka daga tsani, domin yawancin silin ɗakin kwana kana tsaye a ƙasa za ka kai shi.

Lambar da ke bayan sanfefa ita ce abu na farko da ya kamata mai gida ya iya karantawa. Ƙaramar lamba, kaushi ke nan. Mai lamba 80 tana cin bango da sauri ta bar zane-zanen da fenti ba zai rufe ba, don haka sai inda aka yi tudu sosai. A kan sikiridin mai kyau, a fara da 120 ko 150, a ƙarasa da 180 ko 220. Kuma a tabbata foti ya bushe har ciki. Da damina yakan yaudari mutum, sama ya yi fari, ƙasa da danshi. Da ka ɗora inji sai sanfefa ta toshe ta riƙa jan foti tana yin kwari.

Riƙonsa yana son haƙuri fiye da ƙarfi. Ka kwantar da faifan gaba ɗaya a jikin bango, ka kunna a ƙaramin gudu, ka riƙa tafiya da shi ba tsayawa, kowane layi yana hawa gefen na baya. Kada ka danna. Daƙiƙa kaɗan a wuri ɗaya sun isa ya haƙa rami, idan kuma allon jifsam ne ya cinye takardar samansa, wurin ya yi gashi-gashi ya fito ɓaro-ɓaro bayan fenti. Gogaggun masu aiki sukan ja layukan fensir sama-sama a bangon tukuna: inda layi ya ɓace an goge, inda ya rage akwai kwari. Bayan nan sai a rufe taga, a kwantar da tocila a jikin bango haskenta na bin gefe. Duk wani tudu da rana ta ɓoye zai fito da inuwarsa. Kusurwa da gefen soket da adon silin kuwa, faifai zagayayye ba ya shiga, dole a koma ga hannu. Bangon da birkila ya karkatar tun farko, inji ba zai miƙe shi ba. Zai dai mayar da shi karkatacce mai santsi.

Yanzu ga rabin da ake bari a shago. A bayan injin akwai bakin tiyo da aka yi domin a haɗa shi da injin zuƙar ƙura, faifan ma kewaye yake da buroshi don ya tsare garin har a zuƙe shi. Idan aka cire tiyon, abin da hannu zai tayar a yini inji zai watsa shi cikin ɗan lokaci, kuma ya fi laushi, ya fi daɗewa yana yawo a iska. Garin foti ba jifsam kaɗai ba ne. Akan samu farar ƙasa da hodar talk, wani lokaci da silika, wadda ke maƙalewa a huhu ta bar tabon da ba ya warkewa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta gwada na'urorin guga masu zuƙar ƙura ta ga sun rage abin da ma'aikaci ke shaƙa da kashi 80 zuwa 97 cikin ɗari. A ganina, mai gida yana da haƙƙin tambaya tun wajen ciniki: "Malam, injin naka da tiyo za ka zo, ko haka nan?" Idan ya ce ai rawani zai naɗa a hanci, to a sake magana. Ƙyalle ba ya tare irin wannan gari, takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 ake buƙata, da tabarau. Yara da masu fuka da mai juna biyu su bar sashen, a rufe ƙofa da leda, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Jakar yadin da ke zuwa da injuna masu araha ta fi babu, amma gari mai laushi yana bi ta jikinta. In an gama, a share bangon da tsumma mai ɗan danshi kafin fenti, in ba haka ba fentin zai zauna a kan ƙura ya riƙa ɓarewa.

Batun wuta ma yana kama mutane. Injin zuƙar ƙura na masu aiki yakan ci sama da wat 1,000 shi kaɗai. Haɗa da na guga, ƙaramin janareton nan na ɗaki ɗaya ba zai ja su ba, kuma a nan ne ake cewa a cire tiyo a ci gaba. A yi lissafin janareto tun kafin ranar aiki. Mai sayen na hannu kuma ya duba farantin da ke jikin moto: na Amurka an yi shi ne don bolt 120, tamu wutar kuwa 230 ce, jona shi kai tsaye ƙonewa ne nan take.

Akwai bangon da bai kamata wannan inji ya taɓa ba ko da an haɗa tiyo. Tsohon fentin mai, irin mai ƙyalli na ƙofofi da tagogi da rabin bangon tsofaffin gidaje, yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta haramta irinsa a gidaje a 1978, mu kuwa mun san abin da garin dalma ke yi wa yara tun 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara. Haka tsofaffin allunan silin na asbestos da suka cika gidajen gwamnati da makarantu na da: muddin suna zaune lafiya a bar su, goge su ne ke sakin zaren da ke jawo sankarar huhu bayan shekaru masu yawa. Shi tsohon fentin a jiƙa shi a kankare abin da ya ɓare, a kwashe da danshinsa. Silin kuma a shafe shi da sabon fenti yadda yake, ko a kira wanda ya san yadda ake sauke shi ba tare da an farfasa ba.