Ko Kun Sani? Yadda Ake Yanka Kuɗin Fansho a Filifin

A ƙasar Filifin, hukumar SSS ce ke tara kuɗin fansho da tallafin rashin lafiya da na haihuwa na ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Wata doka ta 2018 ta tanadi a riƙa ƙara kason albashi da ake biya wa hukumar sannu a hankali, daga kashi 12 cikin 100 a 2019 har ya kai kashi 15 a Janairun 2025. Mai kamfani ke biyan kashi 10, ma'aikaci kashi 5.

Ba kan ainihin albashi ake lissafin ba. Ana sanya shi a matakan da suka fara daga feso 5,000 suka tsaya a feso 35,000. Mai albashin feso 20,000 ana cire masa 1,000, ubangidansa ya ƙara 2,000 da wani feso 30 na inshorar haɗarin aiki. Ko albashin mutum ya kai 100,000, abin da za a cire masa bai wuce 1,750 ba.

Masu sana'ar kansu ne nauyin ya fi danne wa, domin da kansu suke biyan kashi 15 ɗin gaba ɗaya.