Malamin Gona da Tarbiyyar Matasan Karkara

Malamin gona shi ne ma'aikacin da ke ɗauko sakamakon bincike daga wurare irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ya kai wa manomi cikin harshen da yake fahimta, sannan ya komo wa masana da koke-koken da ya jiyo. Aikin ya bunƙasa a Arewacin Nijeriya daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe shirye-shiryen raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya.

Mai sha'awar wannan sana'a yakan karanci ilimin tsirrai da dabbobi tare da dabarun koyar da manya, domin manomi ba ya sauya iri sai ya gani da idonsa, shi ya sa ake kafa gonar gwaji, wato filin da ake nuna sabuwar dabara kusa da tsohuwa. Da yake icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, malamin yakan tara matasa cikin ƙungiyoyi, ya koya musu noman rani da kiwon kaji da lissafin riba, domin su riƙi noma a matsayin sana'a mai mutunci.