Tallafin Gwamnati Ya Sauko Mazaɓa, Amma Labarinsa Bai Kai Ƙauyukan Kankiya Da Kusada Ba

Duk wanda ya saba zama a majalisun Kankiya ko Kusada ya san maganar da ake yawan yi idan an taɓo zancen tallafin gwamnati: ba mu ji ba sai da aka gama rabo. Manomi a Kafin Soli zai faɗe ta a kan taki, mai ɗinki a Rimaye za ta faɗe ta a kan jari, uban ɗalibi a Yashe zai faɗe ta a kan kuɗin karatu. Wani lokaci da gaske ɓoye abin aka yi, 'yan tsiraru suka raba a tsakaninsu. Amma sau da yawa an yi sanarwa, a rediyo ko a intanet, sai dai wa'adin gajere ne. Mai babbar waya da takardunsa a hannu ya cike, saura kuma labari ya iske su bayan an rufe. A ganina, rashin jin labari a kan kari yana cutar da talakan wannan yanki kusan kamar yadda ƙarancin kuɗin kansa ke yi, kuma shi ne ya fi sauƙin magancewa.

Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Kankiya tana da goma daga ciki, Kusada ma goma. Tun da Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya hau mulki ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatinsa ta ɗauki mazaɓa a matsayin ƙofar da abubuwa za su riƙa bi su isa ga jama'a. Gwamnan ba baƙo ba ne a wannan yanki, don ya taɓa shugabantar ƙaramar hukumar Charanci da ke maƙwabtaka da Kankiya, kafin ya riƙe hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta ƙasa. A ƙarshen 2024 aka ƙaddamar da shirin raya al'umma wanda ya tanadi kwamiti da jami'ai a kowace mazaɓa, da nufin mutanen wuri su faɗi abin da suka fi buƙata, kuma ta hannunsu a tantance masu cin gajiyar tallafi. Haka nan an ɗauki malaman gona 722, wato biyu a kowace mazaɓa.

Wannan tsari yana da kyau, kuma ina goyon bayansa. Mutumin Dudunni ko Sukuntuni ba sai ya nemi kuɗin mota zuwa Katsina ba kafin ya san ko sunansa yana cikin jerin masu samun taki. Wanda ke riƙe da jerin ɗan garinsu ne, suna haɗuwa a masallaci da wajen jana'iza. Sai dai kusancin nan shi ne kuma haɗarinsa. Idan kwamitin mazaɓa ya zama gidan kansila da surukansa da 'yan jam'iyyarsa, to an dai matso da son kai kusa da gida, ba a kawar da shi ba. Maganin ba ya buƙatar ko kwabo: a rubuta sunayen waɗanda suka samu, da abin da kowa ya samu, a manna a bangon firamare ko a ƙofar gidan dagaci, a kuma yi shela bayan sallar Juma'a tun kafin a fara ɗaukar suna. Jerin da kowa zai iya tsayawa ya karanta, da wuya a cusa sunan wanda ba ya ko noma a cikinsa. Wannan haƙƙin jama'a ne, kuma neman sa ba rashin kunya ba ne ga shugabanni.

Yana da amfani mutane su san inda kuɗin yake fitowa, domin ba duka ne daga baitulmalin jiha ba. Shirin NG-CARES, wanda a Katsina ake kira KT-CARES, bashi ne na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya a ƙarshen 2020 don rage raɗaɗin annobar korona. Ɓangarorinsa uku ne: tallafi ga marasa galihu da ƙananan ayyukan al'umma, taimakon manoma ta hannun shirin noma na Fadama, da agaji ga masu ƙananan sana'o'i. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jiha ce take fara kashe nata kuɗin, sannan masu tantancewa masu zaman kansu su zo su duba ko aikin ya tabbata, kafin a mayar mata. Ke nan idan baƙi suka zo gari suna tambaya ko an gina rijiyar burtsatsen, ko an ba ka irin da aka rubuta, amsarka tana da nauyi. Wanda ya ce an ba shi alhali ba a ba shi ba, don kara ko don tsoro, ya taimaka an biya kuɗin aikin da ba a yi ba, kuma bashin yana kan wuyan kowa.

Tsohon shirin CSDP da ya gabace shi ya bar darasin da bai kamata a manta ba. A wancan tsari, al'umma ce ke zaɓar aikinta, ko ajin makaranta ko ɗakin shan magani ko kwalbati, ta kafa kwamiti, ta buɗe asusu, ta kawo wani ɗan kaso na kuɗin, ko da ta hanyar yashi da ruwa da aikin gayya ne. Garuruwan da suka riga suka haɗa kansu su ne suka fi amfana. Har yau haka abin yake. Hukuma ta fi sauraron ƙungiya mai rajista, mai littafin taro da asusun banki, a kan mutum ɗaya da ya zo da takardar koke a aljihu. Masu noman rani a bakin madatsun ruwa na Kafin Soli da Kusada, da mata masu yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu kiwon awaki, duk suna da dalilin yin rajistar ƙungiyar gama-kai tun kafin wani shiri ya fito.

Akwai kuma bambancin da ya wajaba a riƙa faɗa wa mutane ƙarara, wato tsakanin kyauta da rance. Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi a Nuwamba 2015, manoma da dama a Arewa sun ɗauke shi a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Da yawa ba su biya ba, wasu don ambaliya ko fari sun cinye gonar, wasu don tun farko ba su yi niyya ba. Daga baya bankin ya janye daga irin wannan shiri, kuma manomin kirki da ya biya nasa shi ma ya rasa. Yanzu jiha tana da hukumar KASEDA da aka kafa don bunƙasa ƙananan sana'o'i. Duk wanda zai karɓi wani abu daga gare ta ko daga wani banki, ya tambaya kafin ya sa hannu: kyauta ce ko bashi? Idan bashi ne, yaushe za a fara biya, kuma akwai kuɗin ruwa? Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci ga Musulmi, kuma gara a yi ta a gaban jami'i da a yi ta bayan kuɗi sun shiga asusu.

Abin da ya fi kayar da mutane a matakin ƙarshe shi ne takardu. Kusan kowane shiri yanzu yana neman lambar NIN da BVN da lambar waya. Idan sunanka a banki Muhammadu ne, a katin ɗan ƙasa kuma Mamman, ko shekarar haihuwa ta saɓa, na'ura za ta watsar da kai ba tare da kowa ya yi maka bayani ba. Mata ne suka fi shan wannan wahala, domin da yawa da asusun miji ko na ɗa suke amfani, kuma layin wayar ba da sunansu aka yi masa rajista ba. Gyaran nan yana cin lokaci, don haka a yi shi da rani, lokacin da babu wani fom da ake gudun rufewa. Ina roƙon matasa masu shagon kwamfuta a Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya su riƙe amana a nan, domin sirrin mutane ne ke bi ta hannunsu. Su kuma jama'a su sani cewa saƙon da ke yawo a WhatsApp yana neman a tura kuɗin fom, ko lambar sirrin katin banki, na 'yan damfara ne, ko da hoton gwamna ne a kansa.

Ɗalibai suna da ƙofofi biyu. Akwai hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, sannan akwai asusun NELFUND na tarayya da ya fara aiki a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gaba da sakandare na gwamnati, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Bashi ne marar ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Garin da ke da makarantar koyon aikin lafiya kamar Kankiya bai kamata a ce 'ya'yansa suna barin karatu don ba su san da wannan ba. Ga 'yan mata kuma, Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na bunƙasa karatunsu, kuma kuɗin gyaran makarantu a wannan shiri ta hannun kwamitin gudanarwa na kowace makaranta yake bi. Uban da ba ya zuwa taron kwamitin ba zai san nawa aka turo ba.

Saura ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma a Fabrairu 2025 aka yi zaɓen shugabanni da kansiloli a Katsina. Ana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, har da Kankiya da Kusada. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na ɗalibai za su iya ɗauko wannan adadi su karanta shi a taronsu, su gayyaci kansila ya zo ya yi bayanin abin da ya shigo da inda ya tafi. Masu neman taki kuma su fara tambayar malamin gona da kwamitin mazaɓa tun watan Maris, kafin ruwan shuka ya sauka.